Yadda Za Ka Kammala Digirinka Ba Tare Da 'Yarka Ta San Ka Faɗi Lissafi Ba

Kai da ka bar jami'a a aji uku shekara ashirin da suka wuce, yanzu ofis ya ce babu ƙarin girma sai da kwalin digiri, matso kusa. Na san damuwarka. Tun 'yarka tana firamare kake cika mata baki cewa a zamaninku kai kake koya wa malamin lissafi, ga shi jami'ar da za ka ƙarasa karatun ita ce wadda ta shiga bana. Bi matakan nan, na yi maka alkawari asirinka a rufe.

1. Karɓo tsohon sakamakonka

Je tsohuwar jami'arka. Magatakarda zai hau kujera ya sauko da fayil ɗin da ɓera ya ɗanɗana, ya ba ka ambulan a liƙe da hatimi, ya ce, "Ka buɗe, ta lalace." Yi masa godiya. Ai ka san abin da ke ciki.

2. Ɗaure fuska a ofishin rajista

A sabuwar jami'ar, ma'aikaciyar da ke tantance kwasa-kwasan da aka ci a wata makaranta za ta gyara tabarau ta bi layi da biro. Tarihi ta karɓa, Ingilishi ta karɓa. Sai biron ya tsaya.

"Baba, lissafin nan dole ne ga kowa, kuma sha tara cikin ɗari ka ci."

Ce mata malamin ne ba ya ƙaunarka. Ba za ta ɗago kai ba, kai ne na shida da ya faɗi haka yau. Za ta tura ka ajin 'yan shekarar farko.

3. Riga kowa kai labari gida

Sanar cewa an karɓi komai, har an yi mamaki. Lissafin kuwa kai ka roƙa, don ka ga yadda ake lalata yaran yanzu. Idan uwar yara ta yi tari, miƙa mata ruwa.

4. Zauna can baya

'Yarka tana layi na biyu, hannunta kullum a sama. Kai kuwa rungume hannu ka riƙa gyaɗa kai kamar mai sa ido daga ma'aikata. Masu ilimi na gaske ba sa rubutu a aji, balle wanda bai san me zai rubuta ba.

5. Ranar sakamakon gwaji

Da lamba ake liƙawa a allo, babu suna, saboda haka kwantar da hankalinka. Abin da ka manta kawai, ita ta cike maka fom, ta san lambarka.

Za ka same ta a falo ta baza littattafai, ta jawo kujera ta biyu.

"Baba, zo mu fara daga babi na ɗaya."

"Ke, ni da nake..."

"Na sani, Baba. Tun ina aji huɗu na gane, ranar da ka yi min aikin gida aka ba ni sifili. Ban so ka ji kunya ba ne."

Kunyar za ta kama ka har wuya. Zauna kawai.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba shi da alhakin zubewar girma, dariyar uwar yara, ko hawayen da ka ce ƙwaro ne ya faɗa maka a ido. Mai ƙorafi ya same ni kowace rana ban da Asabar da safe. Lokacin darasina ne, kuma yarinyar ba ta yarda da latti.