Ranar da Na Hana Hausa a Aji Ɗaya

Shekarar da soja suka koma bariki na kafa nawa mulkin. A makarantar Gwaggo Binta ta Ƙofar Guga, da Turanci ake karatun safe, sai an dawo tara a koma Hausa. Da ta bar mini aji ɗaya, na gyara wuyan riga na kafa doka: wanda ya yi Hausa kafin tara zai sha tsallen kwaɗo.

Sai ƙadangare ya faɗo cikin rigata.

"Wayyo Inna, ku cece ni!"

Wata 'yar ficiciya ta miƙe, da Turanci tsaf ta tuna mini dokata. Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce, "Gaskiyarta. Kama kunne, Malam."

Har yau in na ratsa unguwar, yara kan biyo ni a tsugune: "Malam Wayyo Inna, an tashi lafiya?"