Rasuwar Zirnaƙo, Jirgin da Ya Ga Burtali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kai a ɗage, ni Nusaiba Abdurazak ta garin Tawa nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda labarin zai yi wa daɗi, rasuwar jirgina marar matuƙi mai ɗaukar hoto, wanda aka fi sani da Zirnaƙo. Ya cika ranar Talata da hantsi, a jikin dutsen da ke gabas da ƙauyen mahaifiyata, cikin yankin Barmu. Ba a ga gawarsa ba sai ranar Juma'a. Ya yi shekara biyu da wata bakwai a hannuna. Kafin nan ya zauna wajen wani mutum a Yamai, wanda bai san darajarsa ba, ya bar shi cikin kwali har ƙasa ta toshe masa hanci.

Marigayin bai kai girman faifai ba, nauyinsa kuma bai wuce tiyar gero ba. Idan aka tashe shi sai ya yi gaisuwarsa, tilin-tilin-tin, ya juya idonsa hagu da dama, sannan fikafikansa huɗu su ɗauki zzzzz ɗin nan da ya jawo masa suna. Ya kasance mai biyayya. Bai taɓa tambayata ko mace ce ke riƙe da linzaminsa ba, tambayar da ban taɓa shiga wani gari aka fasa yi mini ita ba. Ya yi hidimar bukukuwan aure a Tawa, ya ɗauki kokawa a Kalfu, ya ƙirga itatuwan da matan Bambai suka dasa. A wurare da yawa, idan ya tashi, mutane kan watse su shige rumbu, domin a ƙasarmu abin da ke shawagi a sama ba kullum yake zuwa da alheri ba. Sai na fito da takardar izini, na nuna wa dattawa fuskokinsu a allon waya, kafin hankali ya kwanta.

Yana da rauni guda da aka haife shi da shi. Masu ƙera shi sun rubuta a kwali cewa yana jin kira daga nisan kilomita huɗu. Wataƙila a ƙasarsu. A nan ƙasarmu ta Adar, inda kowane kwari yake da dutse a kansa, da ya wuce kilomita biyu sai hoto ya fara rawa, ya yi tit-tit-tit, ya juyo gida kamar jakin da ya hango kura. Na kai shi wurin Malam Muktari, dattijon da ke gyaran rediyo a bakin kasuwa tun ban zo duniya ba. Ya yanko murfin tukunyar dalma, ya lanƙwasa shi, ya ɗaura a bayan eriyar linzami don kira ya tafi gaba ɗaya maimakon ya watse. Muka cire wa marigayin duk abin da ba dole ba, muka sa masa batir mafi girma. Da bazara batiran kan kumbura don zafi, sai na riƙa naɗe su a busasshen zane in jingina da randar Inna. Da wannan ya kai kilomita biyar.

Daga nan na koya masa tafiya shi kaɗai. Ina zana masa hanya a taswira, ɗigo bayan ɗigo, in gaya masa tsayin da zai tashi da inda zai ɗauki hoto. Ko kira ya yanke, ba ya tsayawa. Zai bi ɗigon nan har ƙarshe, ya dawo ya sauka a gaban takalmina. Wata huɗu na yi ina koyon wannan a filin bayan gari, samari suna tsayawa da babura suna ce mini matuƙiyar ƙuda. Na jure. Wadda ta yi shekara uku tana karatun taswira a aji mai maza talatin da mace ɗaya ba za ta faɗi don dariyar masu babur ba.

Ga yadda ciwon ajali ya samo asali. Tsakanin ƙauyen mahaifiyata da tabki akwai burtali, hanyar da aka ware wa dabbobi tun zamanin kakanni, aka kafa mata turakun siminti a gefe biyu, ɗaya a kowace mita hamsin. Shekara bayan shekara gonaki suka yi ta matsowa, har burtalin ya ɓace cikin hatsi, ƙasa ta binne turakun. Bara da makiyaya suka dawo daga arewa suka tarar babu hanya, suka kutsa. Aka ƙone musu bukkoki, aka sari wani manomi a kafaɗa, har yau hannun bai ɗaguwa. Bana garken ya sake dawowa, yana tsaye bayan dutse, ana ja masa ruwa da guga daga rijiya guda. Maigari ya sa ranar Asabar a zauna. Manoma sun ce burtali bai taɓa bi ta nan ba. Makiyaya sun ce ya bi. Idan aka tashi ba shaida, kowa ya san abin da zai biyo baya.

Attaher ne ya zo har Tawa ya same ni. Makiyayi ne, abokin mahaifina, shi ya riƙa kiwon shanunmu biyu har Baba ya rasu. Ya ƙi shiga ɗaki, ya tsuguna a zaure ya ce, "Ɗiyata, an ce tsuntsunki yana ganin abin da mutum bai gani. Ƙasar da kofato ya daddaɓe shekara ɗari, hatsi ba ya tsawo a kanta. Daga ƙasa ba a lura. Daga sama fa?"

Na ce daga sama za ta fito kamar tsagar kitso. Ban ɓoye masa ba kuma cewa gonar da ta fi cin burtalin ta Kawu Isufu ce, yayan mahaifiyata ciki ɗaya. Ya ce ya sani, shi ya sa ya yi kwana uku yana kai da kawo kafin ya zo. Inna Balki, mahaifiyata, ta ji mu daga tsakar gida. Ba ta hana ni ba. Ta dai ce, "Nusaiba, in kin tahi, ki sani ni ma kin tahi da ni." Na tafi.

Na zana hanyar tun a gida, a natse. Zai tashi daga kwarin da ke kudu da ƙauye, ya ratsa ta saman gidaje, ya bi burtali har tabki, ya dawo ta inda ya bi. Duk shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, na sa masa tsayin mita sittin. Ranar Talata ina shimfiɗa kayana a kan amalanke sai ga maza kusan arba'in, Kawu a gaba, maigari a tsakiya.

Kawu ya ce, "Ke ɗiyar Balki, wanga abu naki shina da ido ko ba shi da?"

Na ce, "Shina da, Kawu."

"To makewayinmu ba su da rufi. Yanzu hantsi ne, matanmu na wanka. Ɗiyar lakkol, mai karatun boko, za ta ɗauke su ta kai birni a kalla?"

Wani daga baya ya ce, "Ai su can birni ba su san kunya ba, da sabulu suka wanke ta." Aka yi dariya.

Zan faɗi gaskiya ko da ta yi mini ɗaci. Kawu ba don mata ya yi maganar ba, amma maganar tana kan hanya. Ni ma na yi wanka a waɗannan makewayai, ban kuma so wani ido a samana ba. Da na yi tunani tun a Tawa, da ban bi da shi ta kan gidaje ba. Maigari ya yanke cewa jirgi ya tashi, amma kada inuwarsa ta faɗa cikin gari. Na amsa.

Abin da ya kamata in yi shi ne in naɗe kayana, in samu inuwa, in sake lissafi, in dawo washegari. Malam Muktari ya sha gaya mini kada in taɓa zane alhali ana kallona. Amma idanu tamanin suna kaina, kuma na san in na naɗe kaya za a ce ɗiyar lakkol ta gudu. Na ja ɗigon tafiya zuwa yamma, ta saman gonaki. Hanya ta ƙara tsawo, na ga batir ba zai isa ba, sai na miƙe hanyar dawowa ta gabas, wadda ta fi kusa. Ban taɓa lambar tsayi ba. Marigayin yana ƙirga tsayinsa ne daga inda ya tashi, ba daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba. Ya tashi daga kwari. Dutsen gabas ya fi kwarin nan da kusan mita saba'in. Wannan darasi ne na shekarar farko, na ci shi da maki mai kyau.

Ya yi gaisuwarsa, tilin-tilin-tin, ya ɗaga. Na bi shi a allo har kilomita biyar, hoto ya yi rawa, ya yi tit-tit-tit, ya ɗauke, saura kaɗan ya kai gonar Kawu. Ban damu ba. Na gaya wa jama'a da ƙarfi cewa nan da minti goma sha biyu zai sauka a gaban takalmina. Muka tsaya. Minti goma sha biyu ta wuce, ashirin ta wuce. Na dubi zanen, na dubi dutsen, sai na tuna lambar tsayin da ban taɓa ba. Kawu ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Tsuntsun ma ya hi mai shi kunya." Ban yi kuka a gabansu ba. Duk wanda ya ce ya ga hawayena ƙarya yake yi.

Kwana uku ni da Attaher muna hawa dutsen nan. Takalmina ya tsinke a rana ta biyu, na ɗaure shi da kaba. Kawu ya aiko cewa kada in sake taka ƙofar gidansa, tunda na zaɓi masu shanu na bar jinina, don haka a zauren wata tsohuwa na riƙa sauka. Ranar Juma'a muka same shi a cikin tsagar dutse, ƙasa da kan dutsen da abin da bai wuce tsawon mutum biyar ba. Ya bi umarnina har ƙarshe, bai kauce ko taki ɗaya ba. Fikafikai uku sun karye, idon ya fashe, katin da hotuna ke ciki ya rabu biyu. Na ɗauki hoton gawar da na katin na aika wa Malam Muktari. Ya kira ni ya ce in yi haƙuri. Marigayin ya je, ya ga burtali, ya ɗauki shaida, ya mutu da ita a cikinsa.

Ya rasu ya bar linzami guda da murfin tukunya a bayansa, wanda har yanzu in an kunna shi yake neman mai amsawa. Ya bar batir biyu, ɗaya mai kumburi, da fikafikai huɗu sababbi da ba su taɓa ganin sama ba. Ya bar Inna, wadda yayanta bai amsa sallamarta tun Talata. Ya bar garken Attaher a bayan dutse, shanu sun fara kwanciya ba su tashi sai an ɗaga su, samarin makiyaya kuma sun ce ba za su wuce Lahadi suna jira ba. Ya bar ni. Ina roƙon kada mai ta'aziyya ya ce mini iska ce, ko aljanun dutse, ko bakin Kawu. Ni ce. Na fi son a ce na yi kuskure da ilimina da a ce ba ni da shi.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da sassafe, kafin zaman maigari. Ba za a yi masa salla ba, na san iyakata. Za a ɗauko gawa cikin kwalinta daga ƙofar maigari, a raka ta a ƙasa, ta cikin burtali, tun daga turken farko da kowa ya yarda da shi har zuwa tabki. Ni zan shiga gaba da igiyar awo mai mita hamsin. Duk inda awo ya nuna turke, za mu tsaya mu tona, mai ido ya gani. Ba za a karya karan hatsin kowa ba, a jere za mu bi. Na sanar da maigari, bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai tambayi ƙarfe nawa.

Ana gayyatar manoma da makiyaya, maza da mata. A zo da takalmi mai ƙarfi da gorar ruwa da fartanya. Sanda da takobi da gatari a bar su a gida, mamacin ba shi da abokin gaba. Attaher ya yi mini alkawarin samarinsa, ina jiran wanda zai yi mini alkawarin namu. Za a binne shi a gindin turken ƙarshe, bakin ruwa. Idan kuma Kawu Isufu ya tare mu a bakin gonarsa ya ce ba mai wucewa, ba za mu yi masa musu ba, babba ne. A nan za mu sauke gawa, in roƙe shi ya ɗan matsa, mu haƙa kabarin daidai inda yake tsaye, mu ga ko fartanya za ta ci karo da siminti.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kai mu tabki lafiya, ya dawo da mu adadin da muka fita.

Sanarwa daga Nusaiba Abdurazak, a madadin iyalan mamaci.