Hawayen da Na Ajiye a Taskar Ofis

Ba zan taɓa mantawa ba da walimar ban kwanan da muka yi wa Alhaji Bappa, manajanmu a wani kamfanin kayan noma da ke unguwar GRA. Shi ya ɗauke ni aiki ina ɗanye shar, ya koya mini komai. Da zai yi ritaya, ni aka zaɓa in yi jawabi, in kuma tattara hotunansa. Burina ɗaya, ya san ina ƙaunarsa. Matsalar ita ce ni mutum ne mai busasshen ido (ko ranar da aka cire mini haƙori ban yi ƙwalla ba).

A lokacin Injiniya Maryam, mai kula da na'urorinmu, ta gama wani aiki da har yau nake jinjina mata. Cikin babbar sabar ofis, wato uwar kwamfutocinmu, ta yanka wa kowa kwamfutarsa, kwamfuta marar jiki, wadda ake share ta tas idan an tashi aiki. Sannan ta haɗa taska guda a kan layi, waɗannan marasa jikin da manyan kwamfutocin ƙarfe duk suna ɗiba suna zubawa.

"Ɗakunan daban-daban ne, amma rumbun ɗaya ne," in ji ta a taron ma'aikata. Na gyaɗa kai irin na masu ganewa. Abin da kawai kunnena ya riƙe shi ne ana sharewa.

Sai na shiga atisaye. Na rufe ofis, na jingina waya, na ɗauki kaina ina jawabi. Na tura bidiyon cikin kwamfutar don in kalla da kyau, na jefa shi inda na tara hotunan Alhaji, zuciyata fes, tunda ai za a share. (Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa hotunan ba sa gogewa ba. Kada ku tambaye ni.)

Ranar walima, ana ɗaukar bidiyo, na yi abin a zo a gani. Da na zo kan ranar da Alhaji ya raka ni asibiti lokacin haihuwar ɗiyata, wallahi sai kukan gaske ya ƙwace mini. Hajiyarsa ma tana share ido. Na zauna ina jin kaina a sama.

Sai aka kunna allon zaure, wanda ke ɗauko komai daga taskar nan kai tsaye. Ga Alhaji a gona, ga shi a ofis, sai ga ƙaton goshina ya cika bango. Murya tar, hoto garau, ko sarƙewa babu, domin aikin Maryam ba ya gardama. Ga ni ina cewa, "A'a, kukan bai fito ba, a sake." Ga ni ina shafa man zafi a ƙasan ido. Ga ni ina gwada shessheƙa kala-kala ina zaɓe.

Zauren ya fashe da dariya. Maryam ta zabura za ta kashe, Alhaji ya ɗaga mata hannu. Ni kuwa dariyar ba ta dame ni ba kamar tsoron ya ɗauka duk abin da na faɗa wasa ne. Na kasa ɗaga kai.

Da bidiyon ya ƙare, sai ya taso ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, na yi shekaru ina aiki, ba wanda ya taɓa shan wahalar man zafi saboda ni. Na ga na gwaji, na ga na gaske, kuma na san bambancinsu. Maryam, ki ajiye mini duka biyun."

A nan na sake ɓarkewa, ba man zafi ba komai. Samun dattijo irinsa sai an tona.

Tun daga ranar, idan Injiniya tana bayani, nakan saurara har ƙarshen jimla. Atisaye kuwa, gaban madubin gida nake yi, shi ba ya haɗa rumbu da kowa.