Farfesa Filo Bakwai

Kai, Farfesa ya isa a yi masa kirari! Cikin likitocin da ke cire wa yara tsakuwar ƙoda, shi kaɗai Allah ya sanar da yadda ake kwantar da yaro a gadon tiyata. Filo bakwai yake jerawa: ɗaya a goshi, biyu a ƙirji, biyu a ciki, biyu a ƙafa, sannan a kifa yaro rub da ciki. Ma'aikata na kiransa Filo Bakwai a bayan ido. Da ya ji, daɗi ya kama shi.

"Shekara goma sha biyar," yakan ce wa ɗalibai, "allurata ba ta taɓa kuskuren ƙoda ba. Sirrin yana kwanciya, kwanciyar kuwa tawa ce."

In ya gama jeri, sai ya tafi wanke hannu, minti goma cur. Kafin ya dawo, Sista, tsohuwar nas ɗin ɗakin, ta lulluɓe yaro da koren ƙyalle, sai 'yar kafa kamar tafin hannu take bari a saitin ƙoda.

Ranar da baƙin likitoci suka zo ganin abin al'ajabi, yarinya 'yar shekara biyar ce a gado, tsakuwa ta toshe mata ƙodar hagu. Farfesa ya jera filonsa ya tafi wanke hannu. Baƙi suka kewaye gadon suna ta ɗaukar hoto, Sista ta rufe yarinyar yadda take, fuska ba walwala.

Allurar farko ta daki haƙarƙari. Ta biyu ta zarce. Likitan sa barci ya ce, "Ranka ya daɗe, filon ciki ya danne ta, numfashi na wahala."

Nan fa tsoro ya kama Farfesa, na gaske. Uwar yarinyar na bakin ƙofa, shi kuwa ya riga ya bugi ƙirji a gabanta.

"A bar ni in yi yadda na saba?" in ji Sista.

"Wane sabo kuma?"

Ta ɗage ƙyalle, ta zare filon ciki biyu, ta naɗe wani tsohon tawul ta tura ƙarƙashin ƙugu. Numfashi ya daidaita. Aka sake shiri, allura ɗaya ta shige ƙoda, tsakuwa ta fito.

"Tun yaushe kike yin haka?" ya tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Tun yaron farko, ranka ya daɗe."

Kunya ta rufe shi. Kai, Filo Bakwai, ya ce a ransa, ashe shekara goma sha biyar dakon filo kake yi wa tawul, har da yawon lacca!

Washegari ya shigo hannu a baya, ba ko filo ɗaya. "Sista, a shirin kwanciyar nan, da me zan taimaka?"

"Da abin da ka fi gwaninta, ranka ya daɗe. Je ka wanke hannu. Kada ka yi sauri."