Yadda Zabin Dapango Suka Cinye Sojojina da Yaƙi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da zabi suka tona mini asiri a Dapango, a gaban mutumin da nake neman aiki a hannunsa. Ni da kaina na yi wa kaina, shi ya sa nake ba da labarin da bakina kafin wani ya ƙara masa gishiri.

Sana'ata fenti ce. A Didawure nake, cikin Sokode, kuma rabin allunan shagunan unguwar aikin hannuna ne: kan bijimi a ƙofar mahauci, kawuna a ƙofar mai aski, "Haƙuri Maganin Zaman Duniya" a bayan babbar mota. (In ka ga wani zaki mai kama da kare a wani shago a Koma, ba nawa ba ne, ko me za a gaya maka.)

Akwai wani likita ɗan unguwarmu da ke aiki a Dapango, muna ce masa Lokotoro Idirisu. Ya yi karatu a Turai, ya dawo da ilimi, ya kuma dawo da wata lalura, wato wasan yaƙi a kan tebur. Wasu 'yan sojoji ne na dalma, kowanne bai kai ɗan yatsana tsawo ba. A jera su, a jefa ɗan ludo, a auna tafiyarsu da tef irin na tela, sai ka ga dattawa da furfurarsu sun wuni suna gardama a kan wanda ya mutu. Da ya zo gida Sallah ya kawo mini guda sittin a kwali, rabi na Jamus, rabi na Faransa, irin waɗanda suka gwabza a ƙasar nan zamanin kakanninmu.

Ya ce, "Ƙanena, idona ya gaza, hannuna ma ya fara rawa. Ga hotuna, ka bi launin kaki da na hula yadda suke." (Likita ne fa yake cewa hannunsa na rawa.) "In ka gama, ka manna kowane soja a kan ɗan faifansa, ka shafa gam, ka barbaɗa wannan, ya zama kamar a fili yake tsaye." Ya miƙo mini leda biyu ƙanana, ɗaya garin ciyawar roba, ɗaya jan yashi. "In aikin ya yi kyau, asibitin da nake ginawa kai za ka yi masa fenti, daga bango har allo."

Na ce, "Yaya Lokotoro, wannan ai wasan yara ne."

Kafin La'asar duk majalisar mai shayi ta san cewa asibitin Dapango nawa ne.

Fentin kam ya yi, ba yabon kai ba. Na aske buroshi har ya rage gashi uku, na yi musu maɓallai, na yi wa hafsoshi gashin baki. Wajen faifan ne aka samu matsala. Mu masu fentin bango ba mu san barbaɗe ba, laftawa muka sani. Na dinga zuba wa kowane soja ciyawa har gwiwa kamar gonar da ba a yi wa noma ba, ina kan na goma sha biyu ledojin suka ƙare, gam ma ya bi su.

Mai hankali waya zai ɗauka. To amma wanda ya ce wasan yara ne, da wane baki zai kira? Sai na faɗa madafar matata Rabi. Garin kuka ya zama ciyawa. Dakakken ƙuli-ƙuli ya zama jar ƙasa. (Za ka ce me ya hana ni ɗebo yashi a ƙofar gida. Na ɗebo, bai yi ja irin na ledar ba, ƙulin kuwa ya yi ɗas.) Garin rogo ya zama tsakuwa, na dama sitaci ya zama gam. Har na farkon ma na bi su na ƙara musu don su yi anko.

Rabi ta tsaya tana kallona, ta ce, "Maigida, miya za ka kaɗa wa sojojin?"

Na ce, "Ke dai ba ki san aikin fasaha ba."

Ranar Asabar na hau mota da kwalin a cinya, muka wuce Kara, muka wuce Mango. Wata mata da ke kusa da ni ta yi ta shaƙar iska, can ta tambaye ni ko ƙulin na sayarwa ne. Na harare ta. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

A gidan Lokotoro an kafa tebur a tsakar gida, gindin mangwaro. Abokin karawarsa na zaune, wani tsohon shugaban lakwal, wato makarantar boko, mai suna Metir Lamboni. Na jera sojojina ɗaya bayan ɗaya. Lokotoro ya sa tabarau, ya duba, ya ce madalla. Metir Lamboni ya ɗaga ɗaya ya ce ciyawar nan ta fi wadda suka saba gani kyau, ina na samo ta?

Da na ce sirrin sana'a ne na tsaya, da an wuce wurin. Amma yabo ya riga ya hau mini kai. Na gyara hula na ce, "Wani abokina ne a tashar jirgin ruwa ta Lome yake kawo mini daga Jamus. Haɗin sinadari ne na musamman, ba kowa ake ba."

Aka kira Azahar. Ni da Lokotoro muka tafi masallaci, Metir Lamboni ya shiga ɗaki ya ɗan kishingiɗa.

Tun daga ƙofar gida muka jiyo kukan zabi. Goma sha ne a kan teburin, kiwon Hajiya, mahaifiyar Lokotoro da ke zaune a wurinsa. Ba su bambanta Bajamushe da Bafaranshe ba. Suna tsattsagar faifan, suna watsi da sojan, wata zabuwa ta ɗauki hafsan da na fi wahala a kan gashin bakinsa ta yi bayan rumbu da shi. Lokotoro ya bi su yana kaɗa babbar riga, Metir Lamboni ya fito ba takalmi.

Da ƙura ta lafa, Lokotoro ya tsaya yana haki, ya dubi mahaifiyarsa ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Sinadari suka ci. A yanka su yanzu a binne, kada wani ya ci naman."

Hajiya ta yi salati, idonta ya kawo ruwa. Ta ce tun suna ƙwai take wahala da su. Aka kamo zabin aka ɗaure musu ƙafa. Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni, ina lissafin wanda ya fi sauƙi tsakanin mutuncina da zabin tsohuwa. (Allah ya yafe mini, lissafin ya ɗauki lokaci.) Sai da na ji Lokotoro yana wasa wuƙa a bakin turmi sannan na buɗe baki.

"Kuka ce."

Ya ce, "Me ka ce?"

"Kuka ce, Yaya Lokotoro. Da ƙuli-ƙuli. Da garin rogo kaɗan."

Hajiya ta sunkuya ta tsinci wani soja, ta shinshina, ta lasa da bakin harshe. Ta ce, "Gaskiya ne, ɗana. Ƙulin ma na Sokode ne, an cika masa yaji." Metir Lamboni ya zauna a ƙasa yana dariya har da tari, yana cewa shekara talatin yana koyar da tarihi, bai taɓa sanin Jamusawa na shan miyar kuka ba. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokotoro bai yi dariya ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani kwali, ya buɗe a gabana. Ledojin ciyawar nan ne da na yashi, cike har baki.

Ya ce, "Da ka kira ni, da na ba direba ya kawo maka. Ƙanena, a asibiti ba wanda nake tsoro kamar mutumin da abu zai ƙare masa ya yi shiru ya nemi madadi. In fenti ya ƙare maka a ɗakin haihuwa, da me za ka ƙarasa, da kunu?"

Aikin asibitin wani aka ba. Na koma Sokode a kujerar baya, kuma labarin ya riga ni isa majalisa, don direban motar ɗan Didawure ne, ya ji shi a tasha ya buga waya gida.

Abin da na koya shi ne, cewa "ya ƙare, a ƙaro mini" kunyar minti ɗaya ce, ni kuwa na guje ta na sayi ta shekaru. Kuma in har mutum ya rantse sai ya yi ƙarya, to kada ya yi ta da abin da kaji ke ci.