Mai Gari Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Idan ana lissafin manyan mutanen da suka taɓa hawa jirgin ruwan shaƙatawa, to a fara da Torvald Brekke, sauran su bi layi. Shekara ashirin da shida ya yi yana mataimakin shugaban sashen ajiye motoci a wata unguwa ta Oslo, babban birnin ƙasarsu, har ya yi ritaya ba a ji mota ko ɗaya ta kai ƙararsa ba. Kai, Allah ya yi mutum a nan! Hular kyaftin da ya saya a kantin cikin jirgi ta zauna masa daram, har wata tsohuwa ta tare shi tana tambaya ko za a yi ruwa gobe. Ya dubi sama, ya ce ko ɗigo. Aka kwana biyu ana tafkawa.

Kwana shida jirgin na bin garuruwan bakin teku, kwana shida abokan teburinsa suna cin kifi da miyar surutunsa. Duk garin da aka sauka sai ya taɓe baki.

"Wannan kuke kira gari? Ku dai jira Lundvik. Can aka yanke mini cibiya. Ina sauka, ko karnukan garin sai sun zo gaisuwa. Ni fa ba ɗan yawon buɗe ido ba ne, gida zan je."

Shi ya sa suka laƙaba masa Mai Gari, shi kuwa ya amshi sarautar hannu bibbiyu. Duk wannan ɓaɓatu saboda mutum ɗaya yake yi: Ragnhild, tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu, wadda ke zama a damansa. Ta shiga ransa sosai, ba wasa. A dare na uku ya ɗan taɓa mata zancen aure, ta ce, "Ni mutum sai na ga inda ya fito, na ga yadda nasa suke kallonsa." Ya buga ƙirji ya ce ta bari sai Lundvik. Abin da ya manta bai faɗa ba, saboda yawan harkoki irin na manya, shi ne rabonsa da garin shekara talatin da ɗaya. Ko jana'izar mahaifiyarsa furanni ya aika, don ranar akwai muhimmin taro kan fentin layin motoci.

Ranar ta zo. Jirgin ya fi ƙarfin tashar, sai ya tsaya can nesa, aka shiga kwasar mutane da ƙananan kwale-kwale. Wata ma'aikaciya ta manna masa takarda mai lamba goma sha huɗu a ƙirji.

"Baiwar Allah, ni ɗan gari ne!"

"To, ɗan gari, kwale-kwale na goma sha huɗu."

Awa biyar aka ba su, biyu suka tafi a layi. Amma a gaskiya, da kwale-kwalen ya zagayo bayan dutse, rana ta leƙo, jajayen gidaje suka bayyana a gindin tsauni, iska ta kawo warin kifin da ake shanyawa, sai ya ƙura wa garin ido. Ya ji kewar gida ta gaske. Minti uku cur bai yabi kansa ba, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka baro Oslo.

Mutum dubu uku suka tuɗaɗa cikin garin mutum ɗari takwas. Mutanen Lundvik kuwa sun daɗe da koyon dabara: ranar jirgi ba sa kallon fuska, ƙirji suke kallo. Mai Gari ya hangi wani dattijo yana gyaran koma, ya buɗe hannuwa, ya rangaɗa masa gaisuwa da harshen garin tsantsa. Dattijo ya dubi lambar, ya nuna da haɓa.

"Ban ɗaki yana bayan coci."

"Tsufa ne, idonsa ya mutu," in ji Torvald. Ya ja Ragnhild zuwa makarantar da ya ce har yanzu sunansa na jikin bango. Suka tarar ta zama kantin rigunan sanyi, bangon cike da safa. Ragnhild dai wata waina mai cuku da ta saya a hanya take ci a hankali.

Saura gidan ubansa, farin gidan katako mai furanni a taga, wanda baƙi suka yi wa cincirindo suna ɗaukar hoto. A jikin ƙyauren shinge an rubuta da harsuna huɗu: Mutane ne ke zaune a nan, kada a leƙa. Mai Gari ya ture ƙyauren da isa.

"Wannan don baƙi aka rubuta. Shigo, Ragnhild, ki ga gidanmu."

Wata tsohuwa ta fito riƙe da bokitin dankali. Yayarsa ce Gunvor, wadda ta yi jinyar mahaifiyarsu shekara tara ita kaɗai.

"Ba ka iya karatu ba ne?"

"Haba Yaya Gunvor, ni ne fa, Torvald!"

"Na san kai ne. Tun daga tasha na gane kunnuwan nan, hula ba ta rufe su ba." Ta dubi lambar ƙirjinsa ta ƙara dubawa. "Ƙarfe nawa jirginku zai tashi?"

"Huɗu."

"Ashe kana da lokaci. Kabarin Mama yana bayan coci, dab da ban ɗaki. Ka bi layin mutanenku, ba za ka ɓata ba." Ta juya ga Ragnhild. "Ke kuma baiwar Allah, da ganinki kin sha surutu. Shigo ki sha kofi, kunnenki ya huta."

Ragnhild ta ɓare lambar ƙirjinta, ta manna masa kusa da tasa, ta shige. Gunvor ta tura shi waje da gefen bokiti, ta sa sakata.

Yana tsaye da lamba biyu a ƙirji, hular kyaftin ta karkace, sai ya ji an taɓa kafaɗarsa. Ya juya da sauri, zuciyarsa ta yi fari, ga wanda ya gane shi a ƙarshe! Ashe wani baƙo ne riƙe da kyamara.

"Malam, ɗan matsa mana. Gidan 'yan gari muke son ɗauka."