Hotona Ya Hana Ni Keke

Jiya na hau matattakala arba'in da biyu da sandunana, don in tabbatar wa hukuma cewa ba na iya hawa matattakala. Ofishin masu buƙata ta musamman a hawa na uku yake, jama'a. Allah ya saka wa wanda ya yi wannan tunani, ya san muna buƙatar motsa jiki.

Mai Girma Uban Marasa Gata ne ya yi alkawarin raba keken guragu, aka ce kowa ya cike fom ta waya. Na cike tun matata na da ciki. Yarinyar yanzu har ta fara tafiya, ta riga ubanta.

Jami'in da na tarar ya duba fom ɗin, ya buɗe shafina na Fesbuk, ya juyo mini da wayar.

"Malam, wannan kai ne?"

Ni ne kuwa. Daga ƙirji zuwa sama, hula a karkace, baƙin tabarau, na ɗora gwiwar hannu kan motar wani likita da ya kawo mini gyaran agogo. Sandunan suna bayan motar, a ɓoye.

"Ranka ya daɗe, ni ne."

"To kwamiti ya ce ba ka yi kama da mabuƙaci ba."

Na ɗage wando na nuna masa ƙafar da shan-inna ta taɓa tun ina ɗan shekara uku. Ya ce shi dai ya gani, amma kwamiti hoto yake dubawa, ba ƙafa ba.

A faɗi gaskiya, ni na ja wa kaina. Shekara shida ke nan ina yanke hotunana daidai ƙugu. Akwai lokacin da na sa cikakken hoto a gaban teburina, na rubuta cewa ina gyaran agogo. "Allah sarki" ɗari biyu na samu, ba wanda ya kawo ko mataccen batir. Da na datse ƙafafun, sai ga masu agogo har da layi.

Na kai ƙara wurin maƙwabcina tela. Ya ce, "Abu mai sauƙi. Cire hular, in ara maka yagaggiyar riga, ka zauna a ƙasa ka langaɓe kai. Sati ba zai yi ba za su kira ka."

Har na cire hular, sai uwargida ta leƙo. "Maigida, ka sa wannan hoton 'yan uwana su gani, to ka nemi mai dafa maka abinci. Ni mai sana'a na aura."

Na mayar da hulata. A ƙarshe aka ɗauke ni a tsaye, da tabarau da sanduna da komai, na sa a shafin. Wani da na shekara huɗu ina gaisawa da shi a can ya rubuto, "Subhanallahi, yaushe ka yi hatsari?"

Yau da safe kuma tela ya nuna mini shafin Mai Girma. Ashe an yi rabon tun makon jiya, keke biyar. Ga shi nan zaune daram a kan ɗaya, mutum biyu na tura shi, wai yana ɗanɗana irin wahalarmu. Hoton ya fito tas, daga hula har takalmi, ya ma langaɓe kai yadda tela ya koya mini. Ni dai ban ce komai ba, amma ku ƙirga kekunan nan da kyau, ina jin huɗu suka rage.